Muryar Baba a Gidan Aro

Ranar da muryar Baba ta dawo gida, a cikin jakar Auta ta shigo, tsakanin caja da makullin ofis. Auta ta ciro wayar ta ajiye masa a cinya, ta nuna masa inda zai rubuta da inda zai danna. Baba ya gyara tabarau, ya gyara ƙyallen da ke rufe ramin da likitoci suka bar masa a maƙogwaro, ya shiga neman haruffa da yatsa ɗaya. Ya daɗe yana abu ɗaya. Da ya gama ya danna, can sai wayar ta yi magana da muryar nan mai kauri da gari duka ya sani a rediyo.

"Wa ya ɗauke mini takalmi daga bakin ƙofa?"

Mama ta fito daga kicin hannunta da kumfa, ta tsaya tana kallon bakinsa, bakin kuwa a rufe yake. Ta ce wato mutum ya yi duk wannan shirun, da ya samu baki kuma takalmi ne farkon abin da zai tambaya. Ta koma kicin ta buɗe famfo da ƙarfi, ta daɗe ba ta rufe ba. Baba yana dariya irin tasa ta yanzu, wadda kafaɗu kawai ke yi. Auta ta ji daɗin da ba ta taɓa ji ba tun da ta fara aiki, har da ɗan alfahari, kuma alfaharin nan shi ne ya ja ta inda ya ja ta daga baya.

Baba ya yi aikin karanta labarai a gidan rediyo har ya yi ritaya. Mutum ne mai taurin kai irin na wanda ya san abu ɗaya yake da shi mai daraja a duniya. Bai tara mota ba, bai tara fili ba, amma yana da murya, kuma ya tsare ta iya tsarewa. Ba ya shan ruwan sanyi, ba ya ɗaga murya ko da yara sun fasa masa kofi. Masu sabulu sun zo, masu maganin ciwon kai sun zo, masu banki ma sun zauna a falon nan suna roƙo ya yi musu talla, duk ya sallame su da shayi. Abin da yake faɗi kullum shi ne, ranar da mutane suka ji shi yana yabon sabulu da safe, ba za su gaskata shi ba idan ya karanta musu labarin mutuwa da yamma. Mama ta ji wannan magana har ta haddace, ta kan ce ta gwada sa ta a tukunya sau da yawa ba ta dahu ba.

Sai ciwo ya zo ya zaɓi daidai wurin da ya fi tsarewa. Aka yi aiki aka cire, aka ce a gode Allah da rai. Aka gode. Baba ya dawo gida da ƙaramin farin allo da maka, alƙalamin da ake rubutu da shi a kai, ya zama mutumin da sai an jira shi ya rubuta, kuma kafin ya gama rubutawa hira ta yi gaba ta bar shi. Baƙi su zo gaishe shi su ɓuge da hira da Mama. Gefen hannun rigarsa ya yi baƙi saboda goge allo.

Auta ce ta kasa haƙura. Aikinta gina shafukan intanet ne a wani ƙaramin kamfani da ke saman shagon sayar da tayoyi, inda warin roba ke hawowa ta taga duk yini. Ta je wurin wani tsohon abokin aikin Baba ta karɓo kwalin kasa-kasai, ta juye su a kwamfuta, ta yanka su jimla-jimla, ta cire ƙarar fanka da tarin mai ɗaukar sauti, ta rubuta abin da ya faɗa a kowace jimla da hannunta. Ta ciyar da manhaja wannan duka har manhajar ta koyi yadda Baba ke jan numfashi kafin ya faɗi sunan wanda ya rasu. Ranar takalmi ita ce ranar gwaji.

Sai dai muryar ba a cikin wayar take zaune ba. Wayar ɗan aike ce kawai, ta kai rubutu ta dawo da sauti. Muryar kanta ta fi ƙarfin waya, a ranar nan tana cikin kwamfutar Auta da ke buɗe a kan teburin cin abinci, fankarta na kuka kamar za ta tashi sama. Da Auta ta rufe kwamfutar za ta tafi aiki washegari, Baba ya koma allo. Dole a sama wa muryar wurin zama a wata kwamfutar da ba a kashewa, wadda 'yan sana'ar ke kira saba, a kuma biya masu ba da hayar irin wannan wuri.

Ta fara da mafi araha, inda saba ɗaya ke ɗauke da shafukan ɗaruruwan mutane, kowa da ɗan lungunsa. Masu wurin suna da doka: duk aikin da ya ɗauki lokaci, a datse shi don kada ya tauye maƙwabta. Gajerun maganganu suna fita lafiya. Amma Baba ba mutumin gajerun maganganu ba ne. Wata ranar hutu ƙanwar Mama ta zo, ya zauna ya tsara mata jimla guda mai kai da ƙafa a kan tarbiyyar ɗanta, ya danna, muryar ta taso da nauyinta, ta kai tsakiya, aka yanke ta kamar an ɗauke wuta. Ƙanwar Mama ta jira ragowar, da ta ga babu sai ta ce to Allah ya ƙara sauƙi, ta juya ta ci gaba da zancen ɗinki. Baba ya kife wayar a kan kujera.

Auta ta koma na biyu, inda ake yanka wa mutum ɗakinsa shi kaɗai a ba shi makulli. Nan ba mai datse kowa, amma injin ba shi da ƙarfi. Baba zai danna, a yi jira, a yi jira, har Mama ta je ta duba tukunya ta dawo kafin magana ta fito. Na uku kuwa, mai wani katin kwamfuta na musamman da ke lissafi kamar walƙiya, ta buɗe shafin farashinsa ta rufe, ta sha ruwa.

Dogo, wanda teburinsa ke manne da nata a ofis, shi ya ba ta shawarar da ta ƙi ji. Ya ce ta zauna a na biyun, ta matse manhajar ta rage mata nauyi. Muryar za ta ɗan dushe, za ta rasa wannan amon na ƙirji, amma za ta yi sauri, kuma makulli yana hannunta. Ta gwada ta saurara da abin kunne. Baba ne, amma Baba mai mura. Ta cire abin kunnen ta ce ba ta yi wata da watanni tana wanke kasa-kasai don ta mayar wa ubanta rabin muryarsa ba.

Dogo ya ce, "Rabin da ke hannunki ne fa."

Ta ce ya yi ta kansa. Ya ɗaga kafaɗa ya koma kan aikinsa, don shi mutum ne da ba ya maimaita magana.

A ƙarshen makon ne Yaya ya zo. Yaya shi ne babba a gidan, ya girmi Auta nesa ba kusa ba, kuma shi ne wanda Allah ya buɗa wa. Yana da kamfanin kai saƙo, babura da motoci masu launin ruwan lemo suna yawo a gari da sunan kamfanin a jikinsu. Shi ya ɗauki nauyin aikin Baba a asibiti, bai taɓa faɗi ba, bai kuma taɓa bari a manta ba. Ya zauna ya ji yadda muryar ke jan ƙafa, ya tambayi dalili, Auta ta yi masa bayani. Ya yi dariya ya ce ashe tana da wa tana yawon neman haya a wurin baƙi. Ai su suna da saba a ofis, sun saye ta don bin sawun motoci, Injiniya, mai kula musu da ita, ya ce ko rubu'in ƙarfinta ba sa amfani da shi. Ta kawo kayanta ta zuba kyauta.

Baba ya ɗauki allo ya rubuta, ya juya wa Auta ita kaɗai: *Ba wani wurin?* Ta ce masa Baba wannan ita ce irin wadda take mafarki, zai ji bambanci. Ya dube ta, ya dubi Yaya da ke amsa waya a bakin taga, ya goge allon da hannun riga.

Ɗakin sabar yana bayan ofishin Yaya, ƙarami, mai sanyi kamar cikin firji, da fitilu kore suna ƙiftawa. Injiniya, wani mai ƙaramin gemu da ladabi da yawa, ya buɗe mata komai ya tsaya a bayanta yana kallo. Auta tana da ɗabi'a ɗaya da ake yabonta da ita a wurin aiki: ba ta barin aiki a dunƙule. Duk abin da ta girka sai ta rubuta bayaninsa dalla-dalla, yadda za a tayar da shi, yadda za a aika masa rubutu, yadda za a karɓi sauti, don kada wanda ya zo bayanta ya sha wahala. Haka ta yi a nan ma, ta ce ko da abin ya tsaya ba ta kusa. Injiniya ya karanta ya ce bai taɓa ganin aiki mai tsabta irin wannan ba. Ta ji daɗi har ta ƙara masa misalai.

Abin ya yi kyau, ba ƙarya. Baba zai danna, kafin ya ɗage yatsa magana ta fito, cikakkiya, da amonta. Ya dawo cikin hira. Ya koma gyara wa masu karanta labarai na yanzu kurakurai daga kujerarsa, ya koma musu da Mama a kan gishiri, ya kira tsofaffin abokansa ya kara wayar a kan wata wayar suna ta mamaki. Har cin gyaran Auta ya dawo yi, wai tana haɗiye ƙarshen kalmomi. Allon ya koma bayan kabad, makar ta bushe. Watannin nan su ne mafi daɗi da gidan ya gani tun kafin asibiti.

Daga nan jira ya fara dawowa, amma da wani irin tsari. Da sassafe lafiya lau. Da yamma lafiya lau. Ranar hutu kamar ruwa. Amma daga hantsi zuwa la'asar a ranakun aiki, Baba zai danna ya zauna yana kallon ɗan da'irar nan tana juyawa. Wata rana mai gyaran famfo ya zo, Baba yana so ya ce masa kada ya taɓa bututun baya, kafin maganar ta fito mutumin ya riga ya kwance shi, ruwa ya cika tsakar gida, sannan wayar ta yi gargaɗinta cikin natsuwa. Auta ta kira Injiniya, ya ce wataƙila layin intanet ne, zai duba. Ta sake kira, ya ce yana kan dubawa. Ta nemi shiga sabar daga ofis ta ga an canza kalmar sirri, ya ce tsarin tsaro ne sabo, zai turo mata. Bai turo ba.

Dogo ne ya yi odar abin kunne, za a kawo masa ta kamfanin Yaya, ranar wata Talata da rana. Wayarsa ta yi ƙara yana cin biskit, hannunsa ba kyau, sai ya danna lasifika da gwiwar yatsa.

"Barka da rana. Kayanku suna hanya, ɗan aikenmu zai iso nan ba da jimawa ba. Mun gode da kuka zaɓe mu. Kada ku manta, akwai garaɓasa ga duk wanda ya aika kaya biyu a wannan mako."

Har da jan numfashin. Wannan ɗan jan numfashin da Baba ke yi kafin ya faɗi sunan mamaci, shi aka ja kafin a ce garaɓasa. Dogo ya daina tauna. Bai ce ai na faɗa miki ba, kuma da ya faɗa da ya fi mata sauƙi. Ta ɗauki jakarta ta sauka ta cikin warin tayoyi.

Ta samu Yaya a ofis yana sa hannu a takardu. Bai yi musu ba, bai ma yi kamar ya ji kunya ba. Ya ce da ma yana so ya gaya mata. Matar da ke yi musu naɗin murya ta cika tsada da yanga, Injiniya ya ce ga abu a gida, ya bi bayanin da ta rubuta, cikin yini ɗaya ya haɗa. Yanzu muryar ce ke kiran masu kaya, ita ke amsa waya, kuma tun da aka sa ta ƙorafi ya ragu, mutane suna cewa muryar tana da kwarjini, in ta ce kaya na hanya sai ka ji ka yarda. Auta ta ce to shi ya sa Baba ke jira. Duk maganar da ya rubuta sai ta bi layi a bayan kiran kwastomomi.

Yaya ya ce, "Wannan ai ƙaramin abu ne. Zan sa Injiniya ya riƙa ba shi gaba a layi."

"A ba shi gaba. A muryarsa."

"Ke, ki iya bakinki. Ubanki ne ke kaɗai?"

Ta ce ya san abin da Baba ya ce a kan talla, ya fi kowa sani. Nan Yaya ya ajiye biro. Ya ce ƙwarai ya sani, don shi aka koro daga makaranta a makon da masu sabulu suka zo suka tafi da shayi a cikinsu. Shi ya zauna a gida zango guda yana jin muryar nan a rediyon maƙwabta tana karanta labaran duniya, alhali takalminsa a ɓule. Ita ba a haife ta ba lokacin, ta zo ta tarar an gama shan wahala. Ya ce muryar nan duk gidan suka biya kuɗin tsaronta, ba Baba kaɗai ba, in yau ta yi wa gidan aikin yini ɗaya ba a zalunci kowa ba. Kuma Mama ta sani, ya tambaye ta ta ce ba komai, kada dai a gaya wa Baba.

Auta ta ce a goge. Ya ce za a duba, in an samu wata muryar da ta kai ta. Ta leƙa ɗakin sanyi a kan hanyarta ta fita, ƙofar a kulle, Injiniya kuma an ce ya fita cin abinci.

Mama tana yankan albasa ta saurare ta har ta gama. Ta ce ita ba ta ga abin tayar da jijiyar wuya ba. Shekara da shekaru tana roƙon mutumin nan ya yi talla ɗaya tak ya ƙi, yanzu ga shi yana yi safe da rana ko gajiya ba ya yi, kuma bai ma sani ba, to wa aka cuta? Ta share ido da bayan hannu ta ce albasar nan da yaji take. Sannan ta rage murya ta ce yaron nan shi ke riƙe da gidan, ba ta da bakin hana shi, Auta ta rufa musu asiri kada Baba ya ji.

Auta ta yi abin da ya rage mata. Tana da kwafin muryar a kwamfutarta. Ta koma gidan haya na biyu, mai ɗaki da makulli, ta matse manhajar kamar yadda Dogo ya ce tun farko, shi kuma ya taya ta. Ta karɓi wayar Baba ta ce za ta sabunta wani abu, ta juya ta zuwa sabon wuri. Muryar ta ɗan dushe. Baba ya saurara, ya karkata kai, ya rubuta cewa yau kamar ya sha ruwan sanyi, suka yi dariya. Jira ya ƙare. Ta ce a ranta ta tsamo shi, waccan kuma za ta ci gaba da bin Yaya har ya gaji ya goge. Ta manta cewa gari ɗaya suke zaune da kwastomomin.

Ranar Asabar ta raka shi kemis ɗin bakin titi karɓo maganinsa. Da ma ita ke shiga, amma tun da murya ta dawo ya ce shi zai riƙa yi wa kansa magana. Akwai mutane kaɗan a gaban kanta. Da layi ya zo kansa ya ajiye takardar likita, ya danna abin da ya riga ya rubuta tun a gida, wayar ta yi sallama ta tambayi ko maganin da aka ce zai zo ya iso.

Mai kemis, wata matashiya mai fara'a, ta ɗago da sauri ta fashe da dariya. Ta ce Baba ina ya samo wannan, ai muryar masu kai saƙo ce, kullum sai ta kira ta sau uku. Wani mai jiran maganin tari ya ce wallahi ita ce, shi har yaransa suna kwaikwayonta a gida. Mai kemis ta leƙo ta kan kanta ta ce don Allah Baba ya sa ta ta ce kayanku suna hanya. Ba da mugunta suke yi ba, wannan ne ya fi ciwo. Sun ɗauka wani tsoho ne mai barkwanci ya samo abin wasa.

Baba ya dubi Auta. Ta ce Baba mu tafi, za ta yi masa bayani a gida. Bai motsa ba. Mai maganin tari, don ya nuna ba ƙarya yake ba, ya riga ya lalubo lambar kamfanin ya sa a lasifika. Muryar ta cika shagon, ba mai mura ba, cikakkiyar, mai amon ƙirji, tana yi wa jama'a maraba, tana cewa a danna ɗaya don aika kaya, tana yabon saurin baburansu da arahar farashinsu. Baba ya tsaya ya saurara tun daga farko har ƙarshe, kansa a ɗan sunkuye, yadda yake yi in yana sauraron sabon ma'aikaci. Da aka ambaci sunan kamfanin ya lumshe ido. Ya karɓi maganinsa, ya ɗaga wa mai kemis hannu alamar godiya, ya fita.

A hanya bai taɓa wayar ba. Da suka isa gida ya wuce bayan kabad da kansa ya jawo allon, ya hure ƙurar. Makar ta bushe, sai da Auta ta samo wata a jakarta. Ta durƙusa a gabansa ta faɗa masa komai, ta ce ta riga ta ɗauke tasa ta mayar wani wurin da ba mai taɓawa, wadda ke wayarsa yanzu tasa ce shi kaɗai. Ya rubuta: *Waccan fa?* Ta ce tana wurin Yaya, ba ta da makullin. Ya rubuta: *Wa ya kai ta?*

Ta ce, "Ni ce, Baba."

Ya daɗe yana kallon allon. Ya goge da hannun riga, ya sake rubutu a hankali, da kyakkyawan rubutunsa na mutanen da, ya juya mata: *Kin yi ƙoƙari.* Sannan ya ɗauki wayar daga aljihu ya sa mata a tafin hannu ya naɗe yatsunta a kai. Da zagi ya yi da ta samu abin riƙewa. Mama tana tsaye a ƙofar kicin, ba wanda ya dube ta.

Ta yi ta roƙo a kwanakin da suka biyo baya. Ta ce za ta canza muryar ta yi mata wani amo daban, ya rubuta cewa to ta wa za ta zama. Ta ce ya riƙa amfani da ita a cikin gida kawai, ya girgiza kai. Baƙi suka koma hira da Mama. Hannun rigarsa ya koma baƙi.

Yaya bai zo ba. Ya ji labari a wurin Mama, ya ce tsufa ne, zai huce. Amma ba a ce ba ya kula ba: ya sa aka sayo wa Baba sabon allo, babba, mai ƙafafu, da kwalin maka kala-kala, ya bayar a kawo da babur ɗin kamfani. Suna zaune a falo da rana wayar Mama ta yi ƙara, ta ɗauka, da yake ba ta iya rage sauti ba kowa ya ji. Muryar Baba ta gaishe ta da ladabi ta sanar da ita cewa kayanta sun iso, ɗan aike yana bakin ƙofa. Baba ya tashi ya shiga ɗaki ya turo ƙofa.

Auta ba ta rufe hayar ba. Duk wata tana biya, muryar mai mura tana can a ɗakinta da makullinta, ba mai ƙwanƙwasawa. Dogo ya tambaye ta sau ɗaya ko ba za ta kashe ba, ta ce a bar shi tukuna. Wani lokaci takan buɗe shafin ta sa yatsu a kan madannai, sai ta rasa abin da za ta rubuta, don duk abin da ya fito maganarta ce ba tasa ba.

Yaya kuma ya daina ɗaukar wayarta. Ranar wata Laraba, bayan ta kira shi ya katse, haushi ya ɗebe ta ta ce bari ta bi ta layin kamfani, ko sakatariya ta haɗa ta da shi ta faɗa masa abin da ke bakinta. Ta fita barandar ofis, ƙasa ana ta buga ƙarfe a jikin taya. Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Barka da rana. Muna farin ciki da jin ku. Duk ma'aikatanmu suna tare da wasu a yanzu, ku yi haƙuri ku ɗan jira, ba za mu bar ku ba."

Muryar Baba ce. Ta jingina da bango. Ya ja numfashi ya sake ba ta haƙuri, ya gaya mata garaɓasar mako, ya ce ta ƙara jira kaɗan. Ta jira. Can aka ji ƙit, wata yarinya ta ce barka da rana, da wa nake magana, me za a aika?

Auta ta katse. Ta tsaya tana kallon lambar, sannan ta sake kira.